Hattara Da Adafta Wajen Cajin Motar Lantarki

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili a shafinmu na Hausa, in yi wa 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu magana a kan wani ɗan abu wanda mutum zai iya ɗauka da hannu ɗaya, amma ina ganin nan gaba kaɗan zai jawo wa mutanen ƙasar nan hasara in ba a farga ba. Abin nan shi ne adafta, watau mahaɗin nan da a ke sawa tsakanin filogi da soket idan bakinsu bai zo ɗaya ba. Ba irin wadda mu ke cajin wayar hannu da ita na ke nufi ba. Ina nufin wadda a ke cajin motar lantarki da ita.

Na san wani zai yi dariya ya ce, "Haba malam, mu da ko keke ba mu mallaka ba, ina ruwanmu da motar lantarki?" To, a yi haƙuri a saurara. Motar ta riga ta iso. A watan Nuwamba na 2020 aka nuna wa jama'a Hyundai Kona mai aiki da lantarki wadda kamfanin Stallion ya harhaɗa a Ikko. A 2021 hukumar NADDC mai kula da ƙera motoci ta buɗe wuraren caji masu aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Ikko, daga baya kuma aka yi na Nsukka. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023 kuwa, masu kuɗi da masu sufuri suka ƙara sa ido a kan abin hawan da ba ya shan mai. Mu kuma da za a rarraba mu garuruwa mu koyar, kun san halin mutanenmu: duk abin da ya shige wa mutum duhu, malamin makaranta ya kan tambaya. Gara tambayar ta iske mu da amsa.

Me ya kawo adafta tun farko? Idan ka je gidan mai, bakin famfo ɗaya ne ya ke shiga tankin kowace mota, ko daga ina aka kawo ta. Motar lantarki ba haka ta ke ba. Kowane yanki na duniya ya ƙera nasa filogin. Turai suna da nasu, wanda a ke kira CCS2, kuma tun 2014 Tarayyar Turai ta kafa doka cewa shi za a riƙa sawa a wuraren caji mai sauri na jama'a. Amurka tana da CCS1, wanda sunansa ya yi kama da na Turai amma bakinsa dabam. Japan ta fito da CHAdeMO a 2010, shi ne a jikin tsofaffin Nissan Leaf. Ƙasar Sin tana da GB/T. Kamfanin Tesla kuma ya yi nasa shi kaɗai a Amurka, sai a watan Nuwamba na 2022 ya ba kowa izinin amfani da shi, ya raɗa masa suna NACS. A watan Mayu na 2023 Ford ya ce zai koma wa wannan filogi, General Motors ya biyo baya a watan Yuni, sauran kamfanoni suka yi ta bi. Nan take aka sami motoci masu ɗimbin yawa a Amurka da Kanada waɗanda bakinsu CCS1 ne, ga kuma injunan caji masu bakin Tesla. Sai kasuwar adafta ta buɗe.

To, ku dubi inda mu ke tsaye. Motocinmu na hannu yawanci daga Amurka da Turai a ke kawo su, sababbi kuma da yawa daga Sin. Watau duk rikicin filogin da waɗannan ƙasashe suka rarraba a tsakaninsu, kowa ya ɗauki nasa, mu a tashar jirgin ruwa ɗaya ya ke sauka mana gaba ɗaya. Mutum zai sayi mota mai bakin Sin, ya je wurin caji ya tarar da bakin Turai. Me zai yi? Sai ya nemi adafta. Da ya duba intanet kuma zai ga iri-iri, da mai tsada da mai araha, duk baƙaƙe masu sheƙi, ba mai iya rarrabe su da ido.

Bari mu koma ajin kimiyya kaɗan, gama a nan ne maganar ta ke. Wutar lantarki tana da matsi, shi a ke aunawa da bolt, tana kuma da yawan gudu, shi a ke aunawa da amfiya. Duk inda ƙarfe biyu suka haɗu wuta ta ke ƙetarewa, akwai 'yar turjiya, turjiyar nan kuma ita ke haifar da zafi. Ƙa'idar da aka koya mana ita ce, a ninka amfiya da kanta, sa'an nan a ninka da turjiya, abin da ya fito shi ne zafin. Ma'ana, in amfiya ta ninka sau biyu, zafi ya ninka sau huɗu. A ce mahaɗi yana da turjiyar da ba ta wuce kashi ɗaya cikin dubu na om guda ba. In amfiya 10 ta bi ta cikinsa, zafin da zai fito kashi ɗaya ne cikin goma na wat, ko ji ba za ka yi ba. Amma manyan injunan caji na bakin hanya su kan tura har amfiya 500. Ku ɗauki alli ku lissafa: 500 sau 500, a raba da dubu, wat 250 ke nan. Zafin ƙwan fitila huɗu irin na dā masu wat 60, har da ɗori, duk a tattare a wuri kamar kan ɗan yatsa, a cikin kwanson roba.

Masu ƙera injunan nan sun san da wannan. Shi ya sa a cikin wayar manyan injunan su ke sa ruwan sanyaya yana zagayawa, su kuma dasa ma'aunin zafi a cikin filogin, wanda zai sa inji ya rage wuta ko ya yanke ta in ƙarfe ya fara ɗaukar zafi. Mota ita ma tana da nata ma'aunin a bakinta. To, adafta fa? Ita dai ba ruwan da ke sanyaya ta. Ta shiga tsakani ta mai da mahaɗi ɗaya ya zama biyu, ta kuma nisanta filogi da bakin mota. Mai kyau a kan sa mata nata ma'aunin wanda zai tsai da caji. Ta banza kuwa, ba mai sanin abin da ke cikinta sai wanda ya fasa ta ya gani. Tana iya narkewa a tsakiya alhali inji da mota kowanne yana ganin lafiya lau.

Abin kuma ba a rana ɗaya ya ke faruwa ba. Yau ka sa ta, ta yi aiki. Gobe ma haka. Amma kowane sawa da cirewa yana ɗan cinye ƙafafun ƙarfen. Ƙurar hunturu ta shiga, laimar damina ta kawo tsatsa, nauyin wayar injin kuma yana jan adaftar ƙasa. Da mahaɗi ya ɗan saki, turjiya ta ƙaru. Da turjiya ta ƙaru, zafi ya ƙaru, zafin kuma ya ƙara sassauta ƙarfen. Haka su ke ta ciyar da juna har ranar da robar ta gaza. Sai bango ya tsage ƙadangare ya ke samun wurin shiga, wannan tsagewar kuwa a ciki ta ke, inda ido ba ya kaiwa.

Akwai haɗari na biyu wanda ya fi wannan ban tsoro. Wutar gidajenmu, wadda masana ke kira AC, kai da komowa ta ke yi, sau 50 a cikin daƙiƙa, don haka sau 100 a kowace daƙiƙa ta kan sauko ta zama babu. In tartsatsi ya tashi, wannan saukowar ta kan taimaka ya mutu. Amma wutar caji mai sauri, watau DC, miƙaƙƙiya ce, ba ta saukowa, ga ta da matsin bolt 400, a waɗansu motoci har 800. In aka raba ƙarfe biyu tana cikin gudu, sai ta yi tsalle ta bi iska ta ci gaba, kamar wutar da mai walda ke narka ƙarfe da ita. Don haka ne mota ta ke kulle filogi a jikinta, ba ta saki sai wuta ta tsaya. Da ka sa adafta, kulle biyu ka ke bukata, ɗaya wajen mota, ɗaya wajen filogin inji. In na biyun nan ɗan maƙalin roba ne wanda yaro zai iya dannawa, ko wanda zai karye in wani ya yi tuntuɓe da waya, to, hannun da ke kusa shi zai sha.

Kada a ce ina ba da tsoro ne da abin da bai taɓa aukuwa ba. A watan Agusta na 2024, a garin Hope na lardin British Columbia a Kanada, wani mai Tesla ya jona motarsa da injin caji na wani kamfani ta hanyar adafta, sai wuta ta yi tsalle a ciki adaftar ta fashe, har mutumin ya faɗi ƙasa ya ƙuje. Ya daɗe yana amfani da ita ba abin da ya faru. Hukumar kula da lafiyar kayan aiki ta lardin ta bincika, ta kuma ja kunnen jama'a a kan adaftar da ba ta da shaidar gwaji. Kamfanin da ya ƙera adaftar ya ce ɓarnar daga cikin injin cajin ta taso. Ni ban ga abin kwantar da hankali cikin wannan amsa ba. Ko da daga inji ta taso, ai a adaftar ta fashe, wurin da mutum ke sa hannu.

Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba. A watan Janairu na 2014 Tesla ya janye adaftar bango ta motoci wajen 29,000 sabo da tana ɗaukar zafi, ya aika wa masu motocin sabuwa mai fis a ciki wanda zafi ke tsinkawa. A ƙarshen 2016 ya sake janye waɗansu wajen 7,000. A watan Oktoba na 2024 Ford ya gaya wa waɗansu masu motocinsa su daina amfani da adaftar da shi da kansa ya raba musu, domin tana iya lalata bakin cajin mota, ya ce zai musanya musu. Ku lura da abu ɗaya a nan. Waɗannan kamfanoni sun san sunan kowane mai mota da inda ya ke, shi ya sa da suka gano aibi suka iya aika masa saƙo. Wanda ya sayi tasa a hannun ɗan kasuwar da ba shi da adireshi, wa zai aiko masa? In masu injiniyoyi dubbai da ɗakunan gwaji sun yi kuskure a abin nan, me za mu ce da wanda ya kwaikwayi kwanson kawai?

Na adaftar da ke haɗa filogin Sin ko na Japan da na Turai ma ya fi wuya, ita ce kuwa mu ka fi bukata a nan. Kafin wuta ta fara gudu, mota da inji sai sun yi magana: mota ta faɗi matsin da batirinta ke so da iyakar abin da zai iya ɗauka, inji ya amsa. To, CCS da harshensa dabam, GB/T da CHAdeMO da nasu dabam. Sabo da haka irin wannan adafta ba ƙarfe da roba kaɗai ba ce, akwai 'yar kwamfuta a cikinta tana aikin tafinta. Kowa ya taɓa zama a wurin da a ke magana ta bakin tafinta ya san abin da ke faruwa in tafinta ya ji rabi ya cika rabi da ka.

Amma in gaya muku gaskiya, ba a bakin hanya na fi jin tsoron abin ba. A gida na fi ji, domin a nan ne halinmu zai fito. Wa bai san yadda mu ke yi a ɗakunan kwana ba? Soket ɗaya, a cusa masa adafta mai baki uku, a kan ta a ɗora wata, ga dutsen guga, ga hita, ga cajar waya goma. Filogi mai ƙafa biyu a tura masa murfin biro a ramin sama don ya shiga. In babu filogi ma, a fere waya a cusa da tsinken ashana. Mun saba, muna ganin ba kome, domin dutsen guga ya kan ja wuta na ɗan lokaci ya huta, butar lantarki kuma minti biyar ta gama. Mota ba ta hutawa. Soket ɗinmu irin na Ingila ne, iyakarsa amfiya 13 a kan bolt 230, watau wajen kilowat 3. A Ingila ma cajar da a ke jonawa a soket na gida galibi a amfiya 10 a ke tsai da ita, har akwai soket na musamman da a ke yi wa alamar EV don wannan aiki. A amfiya 10 ɗin nan, babban batirin Kona mai ɗaukar kilowat 64 na awa guda sai ya yi kusan awa 28 kafin ya cika daga ƙasa. Ko rabin wannan ka ce, dare ɗaya ne cur wuta tana bi ta cikin ɗan mahaɗin da aka saya a kan tebur a kasuwa, mutanen gida kuma suna barci. A Amurka dokar jan waya ta ce kayan da ke jan wuta awa uku ko fiye ba tsayawa kada ya wuce kashi 80 cikin 100 na ƙarfin layin. Mu kuwa sai mu ɗora masa doguwar wayar istenshin, a nannaɗe ma, yadda zafi ba zai sami hanyar fita ba.

Sa'an nan ga maganar wayar ƙasa, wadda ƙafa ta uku ta filogi ke ɗauke da ita. Jikin mota ƙarfe ne. In wata waya ta goge a ciki ta taɓa jikin, wayar ƙasan nan ita ce za ta kwashe wutar ta sa a yanke ta. Caja mai kyau ta kan duba, in ba ta ga wayar ƙasa ba ta ƙi aiki. Waɗansu adaftocin tafiye-tafiye kuwa ramin ƙafa ta uku ado ne kawai, ba a jona shi da kome ba. Idan caja ta ƙi aiki a kan janareta ko a tsohon gida, sai ka ji an ce a kira mai gyara ya yi mata dabara. Dabarar kuwa ita ce a ruɗe ta ta zaci akwai wayar ƙasa alhali babu. Daga ranar nan, wanda ya jingina da motar ba takalmi bayan an yi ruwa, shi ne ya zama wayar ƙasa.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce, ashe so ka ke mutum ya ajiye motar da ya saya da miliyoyi don bakinta bai dace ba? A'a, ban ce haka ba. Mutane da yawa a Amurka da Kanada suna caji da adafta kullum lafiya, amma irin wadda kamfanin motar ya yi ko ya amince da ita. General Motors da ya fito da tasa a 2024 dala 225 ya sa mata. Akwai kuma ƙa'idar gwaji mai suna UL 2252 da aka tsara musamman don waɗannan adaftoci, a gasa su da zafi, a yar da su ƙasa, a gwada kullensu. Tesla ya hana a sa adaftar da ba ta kamfanin mota ba a injunansa, kamfanonin motoci da dama kuma sun ce ɓarnar da adaftar waje ta jawo ba ta cikin garanti. Wanda ya iya sayen motar, kuɗin adafta ta gari ba zai gagare shi ba. Araha ba ta ado, balle a wurin da amfiya 500 ke bi.

Wani kuma zai ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, fetur ma ai yana kama wuta. Gaskiya ne yana kamawa. Shi ya sa ba wanda ke kunna ashana a gidan mai, domin an yi shekaru ana koya wa mutane har ya zauna musu a kai. Na lantarki ne ba a koya ba tukuna, kuma shi ba ya wari kamar fetur sai ya riga ya fara cin roba.

Abin da na ke so in gani daga hukuma shi ne a yi yadda Turai da Sin suka yi, a tsai da filogi ɗaya ga wuraren caji na jama'a a tilasta shi, yadda mai shigo da mota zai san abin da zai tarar. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta sa ido a kan adaftar da ke shigowa kamar yadda ta ke yi wa waya da taya, NEMSA mai duba aikin lantarki kuma ta riƙa duba wuraren caji kafin a buɗe su. Muddin bakunan motoci sun bambanta da na injuna, mutane za su sayi adafta ko an hana su, don haka gara a rage bukatarta tun daga tushe.

Namu aikin ya fi wannan kusa. Darasin amfiya da turjiya yana cikin abin da za mu koyar, ba kuwa misalin da ya fi wannan shiga kan yaro. A kawo tsohuwar adafta mai baƙin tabo a bakin raminta, wadda ba ɗakin kwanan da za a rasa, a kwance ta a gaban aji su ga siririn ƙarfen da ke ciki, su lissafa da kansu. In mai mota ko mai babur na lantarki ya tambaye ka, gaya masa ya karanta adadin amfiya da aka rubuta a jikin adaftar, ya kuma san cewa ta cajin gida dabam, ta caji mai sauri dabam, ko da bakinsu ya yi kama. Bayan rabin awa da fara caji ya kai bayan hannunsa kusa da robar. In ta yi zafin da ba zai iya daɗewa a kai ba, ko ya ji ƙaurin roba, ya tsai da cajin daga mota ko daga inji tukuna, kada ya fizge.

Ina kuma roƙon hukumar kwalejinmu, ranar da wani malami ko baƙo ya zo da motar lantarki yana neman wurin jonawa, kada a nuna masa soket ɗin baranda ko na ɗakin kwanan ɗalibai. A kira ƙwararren mai aikin lantarki ya ja mata layinta dabam tun daga allon fis, da waya mai kauri, da wayar ƙasa wadda aka gwada, da makashin nan da ke yanke wuta da kansa in ta fara zurarewa.